Shirun da Innarku Ta Bari a Cikin Saƙo

Kun daɗe kuna jin maganar nan a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zuba mata. Wasu sun ce muku na sayar wa Turawa muryar innarku. Wasu sun ce tilasta mata na yi. Akwai ma wadda ta gaya wa ƙaramarku wai rigimar gado ce ta hana baffanku Malam Shehu zama waliyyin auren Uwani. Duk babu gaskiya a ciki. Tunda ƙafa ta fara ƙin zuwa inda na aike ta, gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru, har da wurin da ni kaina ban kyauta ba.

A lokacin na riga na ajiye alli. Na yi shekaru ina koya wa yara lissafi a firamare, da na yi ritaya sai na buɗe ɗan shago a Bagudo, kwamfuta ɗaya da injin buga takarda, ina rubuta wa mutane wasiƙu. Saboda ina da kwamfuta, kuma bakina ba ya iya furta a'a, ƙungiyar manoman shinkafa da masunta ta yankinmu ta naɗa ni sakatare. Shari'a ta riga ta zauna da gindinta a jiharmu tun da daɗewa, mutane sun saba tambayar ko abu ya halatta kafin su taɓa shi, kuma a unguwarmu wanda ake kai wa irin wannan tambaya shi ne yayana, baffanku Malam Shehu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya kama hannuna ya kai ni makarantar boko, alhali shi bai taɓa shiga aji ba. Ku riƙe wannan da kyau, don kada ku karanta abin da ke tafe ku ɗauke shi mugun mutum.

Innarku kuwa kun san 'yar gulbi ce. Tungarsu tana hayin iyaka, ɓangaren Benin, a bakin ruwa sosai, inda mace za ta wanke tukunya ba tare da ta bar ƙofar gidanta ba. Dendanci suke yi. Kakarku ba ta jin Hausa sai ta gaisuwa, Faransanci kuwa ko na korar akuya ba ta sani ba. Ita ce babbar mace a tungar, kuma al'adarsu ce babu macen da za ta ɗaure kaya ta bar gari kafin ita ta ɗaure nata. In mata ba su tashi ba kuwa, maza ba su da inda za su. Mutanen nan sun san gulbi fiye da yadda na san jadawalin sau. Baƙin ruwan da ke zuwa a hankali lokacin sanyi ba ya ba su tsoro, suna ganinsa suna matsawa. Wanda ya fara rikita su shi ne jan ruwa na damina, wanda a shekarun nan ya daina bin ƙa'idar da kakanni suka san shi da ita.

Uwani, babbarku, ta gama karatun kwamfuta a Birnin Kebbi ta dawo gida tana jiran aiki. Kun san ta, zama ba ya karɓarta. Sai ta gina wa ƙungiyarmu shafi a intanet. Duk sanarwar da masu lura da ruwa suka fitar, da abin da mutanenmu suka gani a sandar awo da muka kafa a mashaya, ni nake shigarwa, shafin ya nuna launi. Kore yana nufin lafiya lau, rawaya a shirya, ja a tashi. A ƙasan launin akwai bayani. Na yi ta nuna wa mutane ina washe baki kamar ni na ƙera, kuma ban taɓa tsayawa na lura cewa tun daga sama har ƙasa da Turanci aka rubuta shi ba.

A daminar farko shafin ya yi ja kwana uku kafin ruwa ya iso. Na kira kawunku Idi, ƙanen innarku, wanda shi ke da waya a gidansu, layin bai shiga ba. Na ce ai za su gani. Sun gani ɗin. Idi ya buɗe shafin ranar kasuwa, ya ga ja, ya ga rubutun da ba ya iya karantawa, ya ɗauka talla ce. Ruwa ya shiga tungar da hantsi, ya tafi da rumbuna da awaki. Kakarku sai da aka ciro ta da jirgi, ruwa ya kai mata ƙirji, tana riƙe da ƙyauren ɗakinta. Allah ya sa ba a rasa rai ba, amma ta yi wata biyu tana tari.

Da innarku ta dawo daga jinya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Tana tsince shinkafa a faifai ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Malam, kwamfutarku ta san ruwan na zakuwa?"

Na ce ta sani.

"Da wane harshe tas sani?"

Uwani tana bakin ƙofa, ta ji, ta juya ta koma ɗaki. Washegari tun kafin in buɗe shago na tarar da ita tsaye a ƙofarsa tana jirana.

Ni a tunanina aikin kwana biyu ne. A samu mai jin harshe, ya fassara, a manna. Uwani ta yi mini dariyar da yara ke yi wa tsoho idan ya ce a zuba wa waya kananzir. Ta ce matsalar ita ce tun farko ta ɗinke kalmomin a jikin shafin, kamar aikin da aka yi a wuyan riga, ba ya cirewa sai an farke. Dole ta bi shafin layi-layi, ta tsamo kowace kalma, ta ba ta lamba, ta zuba su a jeri guda. Daga nan kowane harshe sai a yi masa nasa jerin, shafin ya riƙa ɗaukowa daga wanda mutum ya zaɓa. Wannan tsamowar kaɗai ta ci mana rabin rani. Ni nake karanto lamba, ita tana dubawa, kuma kullum sai mun gano wata kalmar Turanci da ta ɓuya a wani lungu. Hausa ni na yi. Faransanci wani malamin makaranta daga hayi ya taimaka, sai ga kalmominsa sun fi maɓallan tsawo, suna leƙowa waje, sai da aka faɗaɗa su. Da muka saka ajami saboda dattawa, shafin gaba ɗaya ya juya, abin da ke dama ya koma hagu, Uwani ta kwana uku ba ta yi wa kowa fara'a ba. Ta kuma sa tutoci don mutum ya zaɓi harshensa, sai wani Bafulatani abokina ya duba ya tambaye ta wace ce tutar Fulani. Ta cire tutocin a ranar.

Shi wannan abokin nawa ne ya fara buɗe mana ido. Ya ce shi Fulatanci a bakinsa yake, bai taɓa ganinsa a takarda ba, in an rubuta ma wa zai karanta? Haka Dendanci yake. Sai Uwani ta ƙara wa kowane harshe murya. Mutum ya taɓa hoton lasifika, ya ji bayani, ya kuma sauke shi a wayarsa ya tura wa maƙwabci ta bulutut, tunda sabis a bakin gulbi sai an hau tudu. Kowane harshe saƙo uku, na kore da na rawaya da na ja. Na Dendanci muka samu wani direba ɗan Kamba ya karanta mana. Uwani ta ce kowane saƙo ya zama gajere ƙwarai don kada ya cinye wa mutane data, direban kuwa da ma sauri yake yi, fasinja na jiransa. Saƙon ja bai fi numfashi biyu ba: ruwa na zuwa, ku kwashe kaya, ku hau tudu.

Kafin damina muka ce bari mu gwada. Muka shiga mota ni da innarku, muka ƙarasa da jirgi. Kun san tsakanin mutum da surukarsa, ban taɓa zama ɗaki ɗaya da kakarku ba, ban taɓa kallon idonta ba. Aka shimfiɗa mini tabarma a waje bayan zana, na cire takalma tun daga nesa, na miƙa wayar ta hannun innarku. Ina jin muryar direban tana fita daga ciki, ƙirjina cike da alfahari. Saƙon ya ƙare. Sai tsohuwar ta yi magana, matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Innarku ta fito da wayar tana danne tata dariyar.

"Mi tac ce?" na tambaya.

"Ta ce wane na wanga? Ɗan wa na? Ya shigo gida ba sallama, bai tambayi kwanan kowa ba, bai hwaɗi sunan ubanai ba, shina ba mutane umurni awa soja."

Na ce a gaya mata ba mutum ba ne, saƙo ne.

Innarku ta koma, ta sake fitowa.

"Ta ce saƙo ma da ubangidanai. In ɓarawo na son gari shi watse shi samu kwasa, hakanga za shi aiko. Ta ce ko gobe wanga yaz zaka da maganatai, ita ba ta ɗaga ko ludayi."

A hanyar dawowa na yi ta huci, ina cewa mutanen nan ba su son a taimake su. Innarku ta bar ni na gama. Sai ta ce mini a tungarsu ko mutuwa za a sanar, manzo ba ya buɗe baki da ita. Zai yi sallama, ya jira a amsa. Ya gaida gida, ya jira. Ya faɗi ko shi ɗan wane ne da wanda ya aiko shi, don in ƙarya ya kawo a san ƙofar da za a je. Bayan nan ne ake sauraren abin da ke tafe da shi. Ta ce ni da na yi shekaru ina aurensu ya kamata in sani. Gaskiyarta, na sani, amma ban taɓa zaton ƙa'idar ta hau kan waya ba.

Mun nemi wani namiji daga tungar ya yi. Idi yana da in'ina, in ya ga an kunna abin ɗaukar murya sai ta ƙaru. Dattawan kuwa suka ce ba za su sa sunansu a kan maganar ruwan da ba su gani da idonsu ba. Rani yana ƙarewa, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Wata safiya innarku ta kawo mini kunu, ta tsaya maimakon ta tafi.

"Ni za ni yi," ta ce. "Uwata ta, kuma ba ta musun maganata."

Ku ji da kyau, ita ta kawo maganar, ba ni ba. Ni tsoro ma na ji. Na ce ta san sai ta faɗi sunanta da na mahaifinta, kuma zai shiga wayar kowane namiji daga nan har hayi? Ta ce ta sani, ta kuma san yadda uwarta ta yi tari wata biyu.

A ɗakinta muka ɗauka, da rana tsaka, bayan an kore kaji. Ta yi alwala kamar mai shirin salla, ta gyara mayafi, ta zauna. Ta yi sallama, sai ta yi shiru. Uwani ta ɗaga mata hannu ta ci gaba, ta ƙi. Sai da ta ƙirga wani abu a ranta sannan ta ce fofo, wato sannu da Dendanci, ta gaida gida da yara da gajiya, kowace gaisuwa da shirunta a baya. Sannan ta ce ita ce Hamsatu ɗiyar Yakuba mai sassaƙa jirgi, tana magana daga Bagudo, gidan mijinta. Daga nan ta faɗi maganar ruwa a natse. Da aka gama Uwani ta duba tsawon saƙon ta riƙe kai.

"Inna, rabinsa shiru na. Bari in yanke wuraren da ba ki cewa komi."

"Kak ki taɓa," in ji innarku. "Nan za su amsa."

Saƙon ya karɓu fiye da yadda muka zata. Ranar kasuwa masu jirgi suna hawa tudu su sauke na makon, kafin la'asar ya zaga tungaye. Amma abin da ya zaga tunga ya zaga tasha. Wasu samari marasa aikin yi suka mayar da gaisuwarta abin wasa, wani ma ya sa ta zama ƙarar kiran wayarsa. Maganar ta kai kunnen baffanku. Ya aiko a kira ni zaure bayan sallar la'asar, ya sallami ɗalibansa, muka rage mu biyu.

"Garba," ya ce, "ban ce maka haramun na ba, don ban iske inda anka ce haka kai tsaye ba. Amma sunan matarka da na ubanta na bakin 'yan tasha. Jiya wani yaro ya wuce ni, aljihunai na gaishe ni da muryar iyalinka. Gidanga ubanmu yab bar muna shi da mutunci. Ka cire."

Na yi masa bayanin tungar da tsohuwa. Ya ce a nemi namiji. Na ce an nema. Ya ce a ƙara nema. Sannan ya faɗi maganar da ta tsaya mini a wuya: in muryar ta ci gaba da yawo, kada in ƙara taka zaurensa.

Ga wurin da na ce muku ban kyauta ba. Uwani ta koya mini yadda ake sauya murya a shafin, abu ne na taɓa maɓalli biyu. A lokacin ta samu aiki ta koma Birnin Kebbi. Na je shago, na cire muryar innarku, na mayar da ta direba. Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina na ɗan lokaci ne, kafin ƙura ta lafa. Sati biyar ina cin tuwon matar nan ina kallon ƙasa. Idi ya aiko tambaya ta bakin wani mai jirgi, wai ina muryar yayarsa, mutane sun daina hawa tudu. Na ce a gaya masa gyara ake yi. Ban taɓa jin na raina kaina kamar a makonnin nan ba.

Sai ga sanarwa ta iso wata Talata da safe. An yi ruwa mai yawa can sama, jan ruwa yana tafe, kuma sandarmu ta mashaya ta nuna ya hau fiye da kamu ɗaya tun jiya. Na mayar da shafin ja, na rufe shago, na nufi gida da sauri. Na tarar da innarku tana ta kiran Idi, layin ba ya shiga, kamar yadda ya saba duk lokacin da ake nemansa. Da ta ga fuskata ta ajiye wayar.

"Ka sa ja?"

Na ce na sa.

"To alhamdu lillahi. Gobe kasuwa, za su ji ni."

Da na yi shiru a nan, da ba za ta sani ba sai bayan komai ya wuce. Na ce mata ba ita za su ji ba, direba za su ji. Na gaya mata duka, a tsaye, hulata a hannu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da takalmi. Na ce ina za ta? Ta ce tasha, in murya ba ta zuwa, mai muryar za ta je. Na ce hanya ta yanke tun shekaranjiya, mota ba ta wuce rabi. Ta tsaya a tsakar gida ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba.

"Malam, yayanka ya riƙe ka, na sani, ban kuma raina ba. Amma in ka ɓata mashi rai, gobe shina nan, kana iya zuwa ka ba shi haƙuri. Ni in ruwa yat tahi da uwata, wa za ka ba haƙuri?"

Na mayar da hulata. Hanyar shago ta ƙofar zauren baffanku ta bi, kuma yana zaune a ciki. Na iya wucewa in yi abina a ɓoye kamar yadda na yi na farko, amma na gaji da ɓoyo. Na tsaya daga waje, na gaishe shi, na ce masa ruwa na zuwa kuma zan mayar da muryar yanzu. Ya daɗe yana kallona. Ya ce na ji abin da ya faɗa tun farko. Na ce na ji. Ya mayar da idonsa kan littafinsa. Na wuce shago, na taɓa maɓallan nan biyu, na saurari saƙon ja tun daga sallama har ƙarshe don in tabbatar. Daga nan na bi duk wani mai jirgi da mai babur da na sani ina roƙonsu su sauke su yi gaba da shi, su kuma gaya wa mutanen hayi cewa ɗiyar Yakuba ta dawo.

Ruwan ya iso ranar Juma'a. Mu ma ya taɓa mu, fadamun wajen Kaoje suka koma gulbi guda, shinkafar da ta fara ɗaukar ciki ta nutse. Daga hayi kuwa babu labari. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Innarku tana dafa abinci ta raba wa kowa, ita ba ta ci. Ba ta ƙara yi mini maganar ba, ni ma ban iya haɗa ido da ita. Abin da ke cina shi ne sati biyar ɗin nan. Mutane sun daina hawa tudu saboda ni. In ba wanda ya hau ranar Laraba fa?

Ranar Litinin da hantsi wayarta ta yi ƙara. Idi ne, ya samu sabis a kan tudun da suka koma. Ta sa a lasifika, ina jin in'inarsa da kukan awaki a bayansa. Ban jin Dendanci sosai, amma na ga kafaɗunta sun sauka, ta zame ta zauna a kan turmi, hawaye na zuba tana dariya. Ni ma na zauna a ƙasa inda nake.

Da ta natsu ta ba ni labari. Wani masunci ne ya kawo saƙon tungar ranar Laraba da yamma, ya ce an ce ɗiyar Yakuba ta dawo. Aka kai wa tsohuwa wayar. Ta ji sallama, ta amsa. Ta ji gaisuwar gida, ta ce lafiya lau. Ta ji ta yara, ta ce suna nan ƙalau, har ta ƙara da cewa na wajen Idi ne ke zazzaɓi. Ta bi kowane shiru ta cika shi da amsa. Da aka zo maganar ruwa ta saurara har ƙarshe, ta miƙa wayar, ta ce Hamsatu ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, a miƙo mata igiyar ɗaure kaya. Kafin faɗuwar rana ranar Alhamis babu ko kaza a tungar. Sun kwashe hatsi, sun kora dabbobi, har ƙyauren ɗakinta ta sa aka cire aka tafi da shi. Ruwan ya shafe rufin gidajen, amma bai samu kowa ba. Kakarku ta ƙara shekaru masu yawa bayan nan, kuma kun san a kan gadonta ta cika, a busasshen ɗaki, jikoki kewaye da ita.

Baffanku mutum ne mai cika magana, ko da maganar ta fi cutar da shi. Ban taka zaurensa ba, shi ma bai taka gidana ba. Muna haɗuwa a masallaci mu yi sahu ɗaya, a fita kowa ya kama hanyarsa. Da auren Uwani ya zo na aika masa dattawa, ya ce a ba wani waliccin. Wannan ya yi mini ciwon da har yau in na tuna sai na ji shi, kuma na san ya yi wa Uwani. To, yanzu kun san dalili. Ba gado ba ne, ba kuma ƙiyayya ba ce. Shi yana tsaron mutuncin gida ta hanyar da ya sani, ni kuma na zaɓi abin da na zaɓa, kuma da za a mayar da ni wannan Talatar, hanyar shago zan sake bi.

Sai a shekara ta uku, da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, na ce ko zai kore ni sai na je. Bai kore ni ba. Muka gaisa sama-sama. Can sai ya ce, wai abin nan da aka yi ta rigima a kansa, shi fa bai taɓa jinsa daga farko ba, guntun da ya ji a aljihun yaro ne kawai. Na ciro wayata na kunna masa na kore, na ajiye a gefen buzunsa.

Muryar innarku ta yi sallama, sannan ta yi shirun nan nata. Na ga baffanku ya ɗan motsa. Malami ne, ya shekara arba'in yana koya wa mutane cewa amsa sallama wajibi ce. Ya dubi wayar, ya dube ni, shirun yana ta jiransa.

"Wa alaikumus salam," ya ce, a hankali, "wa rahmatullah."

Da saƙon ya ƙare ya share fuska da hannun riga, ya ce in na koma in gaida mutanen gida, in kuma ce Uwani ta kawo masa jaririnta ya gani.

Na ji kuna shirin sabunta shafin, ku ƙara harsuna, ku sa shi ya fi sauri. Ku yi, Allah ya taimaka. Innarku ta ce in gaya muku muryarta ta tsufa, in kun samu wadda ta fi ta ku sauya, ba za ta ji haushi ba. Ni dai abu ɗaya nake roƙo. Duk wanda zai yi magana a ciki, da kowane harshe, ya yi sallama, ya faɗi ɗan wane ne shi. In kuma kun ga wurin da ba a cewa komai, kada ku yanke. Akwai mai amsawa a can.